Ranar da Manong Pilo Ya Taje Kan Maryamu

A garinmu na bakin teku, gabas da Iloilo, inda ake ce wa yaya namiji Manong, yaya mace kuma Manang, kowa ya san Manong Pilo kafinta, dattijo a cocin Baftis, kuma kowa ya san ɗaki mafi kyau a gidansa ba shi ke kwana ciki ba. Ɗakin gaba mai taga biyu na Maryamu uwar Yesu ne. Mutum-mutuminta ke tsaye a can, tsawonsa ya kai ƙirjin babban mutum. Matarsa Puring, 'yar Katolika tun kaka da kakanni, ita ta zo da shi ranar aure tare da tukwanenta. Shekara talatin da shida ke nan Pilo bai taka ɗakin ba, bai kuma daina mita a kansa ba. Baƙuwar Puring yake kiranta.

Musun nasu ya zama kamar shinkafar safe, ba ya fashi.

"Katako ne, Puring. Ni kafinta ne, in na ga katako na san shi."

"Hoton babanka ma takarda ce, amma kullum kana goge shi."

"Ai ba na durƙusa masa. Mai buƙata ya tafi wurin Yesu kai tsaye, ba sai ya biya ta wani wuri ba."

"Haka aka yi maka tarbiyya? Ka shiga gidan mutum ka wuce uwarsa ko sannu babu?"

Daga nan sai ta zuba masa kofi, ya sha, ya tafi aiki, can ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya tarar ta sake cusa masa carbi ƙarƙashin zarto.

Babbar hujjar Pilo ita ce jikinsa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya faɗo daga rufin cocinsu yana buga kwano, ya kwana tara a asibitin birni bai san inda kansa yake ba. Tun daga lokacin, duk shekara sai ya miƙe a gaban jama'a ya ba da shaida cewa addu'ar 'yan Baftis ce zalla ta tashe shi, babu kyandir, babu carbi, babu ɗan aike. Abu guda ne ya ɓata masa wannan farkawar. Da ya buɗe ido, sai ya ga Puring da kai ƙwal kamar na ɗan makaranta. Gashin nan da ke sauka har kwankwaso, mai wani zare fari fat daga gefen hagu tun tana budurwa, gashin da ya sa shi yin wata shida yana gyara ƙofar gidan iyayenta da ba abin da ya same ta, ya tafi. Ta ce ƙwarƙwata ta kwaso a asibiti. Bai sake yin tsawo irin na da ba, kuma duk tsawon shekarun nan Pilo bai yafe wa ƙwarƙwata ba.

To, akwai ƙa'idar da kakar Puring ta bari. Asabar ta ƙarshe a watan Mayu, ranar zagayen furanni, dole a shirya Maryamu ta fita gari, kuma dole hannun wanda ke kwana a gidan ne zai shirya ta. Shekarar da aka kasa, sai ta koma gidan da ke biye a dangi. Gidan kuwa na Manang Salud ne, 'yar kawun Puring, wadda ta shekara ashirin tana leƙen ɗakin nan da wutsiyar ido.

Ana saura kwana uku, Puring ta hau kujera tana tsinko furanni, kujera ta goce, hannun dama ya karye. 'Yarsu guda tana can ƙasar waje tana aikin jinya. Kafin filastar hannun ta bushe sai ga Manang Salud da kwanon wainar shinkafa da fuskar jaje.

"Wayyo ƙanwata, sannu. Kada ki sa wa ranki damuwa, Uwarmu ba za ta kwana a titi ba. Na ma sa an yi wa ɗakina fenti."

"Yaushe kika sa aka yi fentin, Manang? Jiya fa na faɗi."

"Shuɗi ne, irin wanda take so."

Gaskiya ba za a ɓoye ba, Pilo ya ji daɗi. Ya yi wa matarsa sannu da zuciya ɗaya, ya dafa mata miyar kifi, amma yana wanke kwanuka yana waƙar coci da ƙarfi. Har ya gama tsara inda zai kafa teburinsa da kujerar hutawa a ɗakin gaba. Abin da wa'azin shekara talatin da shida bai yi ba, ga ƙafar kujera ta yi shi a minti ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a baranda ya ji wani abu ya faɗi a ɗakin gaba. Ya sake ji. Sai kuma ya ji wani sauti da bai saba ji ba, ƙasa-ƙasa. Puring mace ce mai faɗa da dariya, kuka ba ya cikin kayan da ta zo da su. Ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda iyakarsa take.

Tana durƙushe, riga a haƙoranta, tana ja da hannun hagu. Gabanta kuma ga Maryamu an tuɓe mata kayan gida. Pilo bai taɓa ganinta haka ba. Ashe kai ne kawai da tafukan hannu, sauran duk sanduna ne aka harhaɗa kamar kejin kaji. Kafaɗar dama ta saki, hannun yana lilo.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji shi.

"Tafi abinka, ka samu ɗakinka."

"Tambayarki nake. Ƙusa aka buga a nan? A mahaɗa? Wane mugun ne ya buga ƙusa a mahaɗa?"

"Mijin Manang Salud, Allah ya ji ƙansa."

"Sai dai Allahn, ni kam a'a."

Bai san lokacin da ya tsallake ƙofar ba. Ya ɗauko kaya, ya zare ƙusa, ya feƙe turaku biyu, ya shafa gam, ya ɗaure. Gyara ne, ya faɗa wa kansa, katako ne aka zalunta. Da kafaɗa ta zauna sai ya ga ba zai bar aikinsa a tsirara ba. Ya miƙa hannu cikin akwatin tufafi ya zaro wata baƙar riga mai nauyi, wadda a ganinsa ta fi kowace mutunci.

"Kai! Ta Juma'ar makoki ce, ranar da aka gicciye Ɗanta! So kake gari ya ce wani ya mutu? Farar, da shuɗin mayafi."

"Mace ɗaya, riga tara. Ni da nake numfashi uku gare ni."

"Ita Yesu ta haifa, kai wa ka haifa?"

Riga ta ciki, riga ta waje, siket uku masu sitati. Puring na zaune tana ba da umarni kamar mai gadin tasha, shi kuwa yana durƙushe, allura shida a bakinsa, yana kama lafin ƙasa. A haka inuwa ta rufe taga. Fasto Gideon ne, sabon fastonsu, wanda shekarunsa ba su kai na zarton Pilo ba. Ya zo ne ya tuna masa shi zai buɗe sujada gobe.

Fasto ya dubi mutum-mutumi, ya dubi dattijon cocinsa a kan gwiwa biyu.

"Manong Pilo," in ji shi a hankali. "Me nake gani?"

Pilo ya tofar da alluran a tafinsa.

"Aiki, Fasto."

"A durƙushe?"

"Lafin riga a ƙasa yake. In ka san yadda ake kama shi a tsaye, shigo ka nuna mini."

"Watan jiya kai ka yi mana wa'azi a kan gumaka. Awa ɗaya da rabi."

"Kuma ban janye ko kalma ba. Ka ji na roƙe ta wani abu? Puring, na roƙe ta?"

"Zaginta dai yake tun ɗazu," in ji Puring. "Shigo ka ci waina, Fasto, ta Katolika ce amma ba ta cizo."

Fasto bai shiga ba. Ya ce shi ya fahimta, taimakon mara lafiya abu ne mai kyau, amma abin ya tsaya cikin ɗaki. In aka ga dattijon Baftis a zagaye, to sai sauran dattawa sun zauna a kansa, kuma ba ya jin kujerar dattijo da ke gaban coci za ta ci gaba da zama tasa. Pilo ya ce Allah ya kiyaye, shi da zagaye ko a mafarki.

Saura kai. Puring ta nuna wani gwangwanin biskit a saman kabad.

"Gashinta na fita ne. Miƙo, ni zan sa."

"Da wane hannun?"

"Na ce miƙo."

Ya riga ya buɗe. Hular gashi ce naɗe a farin ƙyalle, tana ƙamshin man kwakwa. Ya ɗora ta a kan mutum-mutumin, gashi ya zubo har ƙasan siket, baƙi, mai nauyi. Ya ɗauki mataji yana gunaguni a kan masu ɓarnar gashin mutane. Ya taje dama. Ya koma hagu, ya ɗaga wani ɓangare da aka saba turawa ƙarƙashin mayafi, sai matajin ya tsaya.

Zare ne fari fat, daga sama har ƙasa.

Ya daɗe yana riƙe da shi a tsakanin yatsunsa. Ko cikin gashi dubu zai gane shi.

"Ƙwarƙwata," in ji shi.

Puring ta kalli taga.

"A kwana na bakwai likita ya ce in kira dangi. Na dawo gida, ba ni da abin da zan ba Maryamu. Na ce mata, ke kin san yadda ake tsayawa ana kallon naki yana mutuwa, ki yi wa Ɗanki magana. Sai na ɗauki almakashi."

"Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa gaban mutane ina cewa..."

"Ina ji ai. Har ta taga ake jiyo ka."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Don ka ce sai an mayar da shi?"

Kunya ta kama Pilo, da tausayi, da wani irin so da ya ɗauka ya tsufa tare da gwiwoyinsa. Ya share hanci da bayan hannu.

"Yesu ne ya tashe ni," ya ce. "Kai tsaye."

"Wa ya ce ba shi ba ne? Tuna masa kawai aka yi."

Pilo ya koma kan matajinsa. Ya ci gaba da tajewa a hankali, yana riƙe tushen don kada ya ja, kamar mai tsoron za a ji zafi. Da aka zo sa mayafi, ya ƙi tura farin zaren ciki, ya bar shi a fili a kan kafaɗa.

Ƙarfe uku Manang Salud ta iso da amalanken furanni da 'ya'yanta maza uku, da bargon naɗe kaya. Ta tarar da Maryamu a shirye tsaf, ta zagaye ta sau biyu tana neman aibu.

"Wa ya shirya ta?"

"Ni," in ji Pilo.

"Kai? Kai da ba ka yarda da ita ba?"

"Kakarku cewa ta yi mai kwana a gidan, ba ta ce mai yarda ba. A nan nake kwana, Manang, tambayi maƙwabta, suna jin minsharina."

Salud ta naɗe bargonta. Ta ce madalla, amma ƙa'ida ta ce a shirya kuma a fita, 'ya'yanta kuwa sun zo tura amalanke ne zuwa gidansu, ba zagayen wani gida ba. Samarin suka sunkuyar da kai suka bi uwarsu, suka bar amalanken a ƙofa. Ƙararrawar cocin Katolika ta fara bugawa. Puring ta dubi amalanke, ta dubi hannunta, ta miƙe za ta kama da na hagu.

Pilo ya shiga ciki. Ya fito sanye da farar rigarsa ta Lahadi, wadda aka goge don buɗe sujadar gobe. Ya ɗora Maryamu a kan amalanke, ya kama.

Haka garinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. 'Yan mata da kwandunan furanni a gaba, 'yan badujala na busa, tsofaffi na jan carbi, ga Manong Pilo na Baftis yana tura Maryamu, baki a rufe gam don kada wata addu'a ta shige masa da kuskure. Duk ramin da ke hanya sai ya kauce masa. Puring na gefensa, hannu a rataye, gajeren gashinta duk furfura.

Hanyar zagaye ta gaban cocin Baftis take bi. Fasto Gideon na tsaye a matakala tare da dattawa biyu, sun harɗe hannu.

"Manong Pilo!" Fasto ya ɗaga murya. "Ka san abin da wannan zai jawo. Yanzu Maryamu kake bi?"

Pilo bai tsaya ba, don hanyar gangara ce kuma amalanken ba shi da birki.

"Ku ba wani kujerar, Fasto," ya ce. "Katako ne, har gobe katako ne. Amma gashin na matata ne, kuma da ma shi na bi har na yi aure."