Sunan da Inna Talatu Ta Ƙi Faɗa

Mukhtari ne ya zo da maganar. Ɗan ƙanin babana ne, a Kano yake aikin ofis, kuma na girme shi nesa ba kusa ba. Amma in ya shigo garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, sai ka rantse gwamna ne ya zo duba aiki. Ya same ni a gona ina janyo ruwa daga kanal da tiyo, ya tsaya can kan kunya yana ɗage ƙafar wando kada taɓo ya taɓa masa shadda.

"Yaya Hambali, bayan Sallah za mu yi taron zumunci na gidan Jaji. Ina so in ɗauki muryar Inna a waya ta ba mu tarihin gida. Ranar taro a saka a lasifika, a kuma tura wa yara su ajiye."

Na ce to. Ban ga aibu a ciki ba. Inna Talatu kakarmu ce, ita ta haifi babana da baban Mukhtari, kuma ita kaɗai ta rage cikin manya. Idonta ya yi rauni amma kanta garau yake. In ta tafi, ta tafi da komai.

Da la'asar muka taru a ɗakinta, ni da Mukhtari da Gwaggo Murja, ƙanwar babana, wadda ke kula da ita. Mukhtari ya kawo mata lemo da turare. Ni abin da na saba kaiwa na kai, shinkafa da kayan miya, waɗanda ba a yi musu godiya saboda kullum ana ganinsu.

"Ga angona na birni ya zo," in ji Inna, tana shafa kan Mukhtari. "Kai kuma tsohon miji, matsa can, warin taki kake."

"Takin nan kike ci, tsohuwa," na ce. Aka yi dariya. Wasan jika da kaka ne, amma ni dariyata iya leɓe ta tsaya.

Mukhtari ya ɗora waya a kan kujerar tsugunno, Inna ta fara. Wallahi ta iya labari. Ta ce baban kakanmu daga wajen Dawakin Kudu ya taso da jaki ɗaya, ya sauka bakin kogi yana ban ruwan albasa da jigo, har sunansa ya ɓace aka koma kiransa Mai Jigo. Shi ya haifi mijinta, da Hamma, da Ruƙayyatu da aka kai Garun Mallam, wadda duk dangin da muke da su can jikokinta ne. Mijin nata Malam take ce masa, amma wannan bai dame ni ba, sunansa, Jaji, yana kan gidan, ba zai ɓace ba. Ta faɗi yadda gari yake kafin kanal: da an gama girbi maza su watse cin rani, a bar mata da tsofaffi da awaki. Ta faɗi gayya, yadda ake dafa dambu a manyan tukwane a kai gona, da yadda Hamma ya taɓa cinye na mutum huɗu ya kwanta a kunya aka nome gonar ba shi.

Sai aka zo kan 'ya'yanta.

"Akwai wannan na wajen Hamma," ta ce da sauri, kamar mai tsallake kwata. "Sai biyu da suka koma suna ƙanana. Sai Murja. Sai Hashimu na."

Daga nan fa aka shiga Hashimu, baban Mukhtari. Hashimu ya yi baki da wuri. Hashimu ya yi na ɗaya a makaranta. Hashimu ya fara kawo rediyo gidan nan. Hashimu ya sa mata kwano a ɗaki. Mukhtari yana ta gyaɗa kai yana murmushi, kamar shi ya yi duk abin.

Wannan na wajen Hamma, shi ne babana. Ya rasu bara waccan. Lokacin da ma'auna suka zo yanka filaye za a haƙa kanal, mutane suka tsorata suna rabuwa da gonakinsu don an ce gwamnati za ta ƙwace, shi ya tsaya ya ce ba a taɓa na gidan Jaji. Alkamarsa ce ta kai Hashimu makaranta. Gonar da Mukhtari ke aiko direba ya ɗaukar masa buhuna duk kaka, ƙafar babana ce ta tsare ta. Amma a bakin Inna ko suna bai samu ba.

Kada wani ya ce ban san al'ada ba. Na sani. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi aka ba Hamma riƙonsa, don shi bai haihu ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wannan. To amma waya fa? Waya ba ta san kunya ba. Yaran Mukhtari da ke Kano, da na Kaduna, da jikokin da ba a haifa ba, su za su ji muryar nan bayan duk mun mutu. Za su ji Hashimu, Hashimu, Hashimu, su ji wani na wajen Hamma, su ɗauka ɗan Hamma ne, ko ma barantaka yake yi masa.

Na ce, "Inna, wane ne na wajen Hamma? Ban gane shi ba."

"Ka ji ɗan banza. Ka fi ni saninsa."

"To babban ɗana fa, Abba, sunan wa ya ci?"

"Sunan mai sunan," ta ce. Gwaggo Murja ta tuntsire da dariya.

"Yaya, ka bari mana, ana ɗauka," in ji Mukhtari. "Daga baya sai in rubuta a ƙasa."

"Ka rubuta a ƙasa? Naka uban a sama da muryarta, nawa a ƙasa da yatsanka?"

"Kishi yake da kai, angona," in ji Inna. "Tun yana yaro haka yake. In aka ba wani ƙosai sai ya auna da nasa."

Nan raina ya gama ɓaci. Na ce, "Inna, ki gaya mana gaskiya tunda tarihi ake. Ko dai ba ke kika haife shi ba?"

Mukhtari ya kai hannu ya kashe wayar. Gwaggo Murja ta miƙe tana salati.

"Hambali, kanka ɗaya? Uwar ubanka kake gaya wa haka? Fita!"

Inna ta juya fuska wajen bango. Na fita, kuma a bakin ƙofa na gaya wa Mukhtari ya yi taronsa, ni da 'ya'yana ba mu zuwa, tunda ba mu da kaka a gidan.

Washegari ina ɗaure kwandunan tumatir za a kai kasuwar Kwanar Gafan, sai ga Gwaggo Murja da kanta har gona. Ta ce Inna na kira, kuma ta ce Mukhtari ya zo da wayarsa. Na bar wa dillali kayan na bi ta.

Na tarar Inna ta yi wanka ta sa turaren Mukhtari. Ba ta yi mini wasa ba, ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

"Kunna abin naka," ta ce wa Mukhtari. "Kai kuma mai baƙin baki, zauna ka ji, kada ka katse ni."

Ta ce ranar da Hamma ya zo ɗaukar yaron, tana daka. Ba ta ɗaga kai ba, don uwar mijinta na tsaye tana kallo ta ga ko za ta yi abin kunya. Ta ci gaba da daka har gero ya zama gari ya wuce gari, ba ta sani ba. Bayan nan, ta ce, babu abin da ba ta ara ba a gidan Hamma. Rariya, muciya, garwashin wuta, alhali duk tana da su. Ta shiga, ta gaisa da matar Hamma, ta saci kallonsa ta wutsiyar ido, ta fito. In ta dama wa Hamma fura sai ta cika ƙwarya yadda ta san mutum ɗaya ba zai shanye ba.

"Har aka riƙa cewa Hamma ya cika ci," in ji ta. "Shi ma ya san ba tasa ba ce."

Ta ce shekarar da aka fara sako ruwa a kanal, mutanen gari ba su san alkama ba, suna ta yi masa dariya wai yana shuka ciyawa da rani. Ita kuwa sai ta ce za ta itace, ta je ta laɓe bayan giginyar da ke gefen gonar tana kallonsa, shi kaɗai cikin ruwa har gwiwa yana gyara kunya. Da ya girbe, ya ɗauko buhun farko a ka har ƙofar ɗakin nan. Tana zaune a bakin ƙofa, ga shi ga ta. Ya sauke, ya kalli katanga ya ce, a gaya wa masu ɗakin nan ga alkama. Ita ma ta kalli katanga ta ce, a ce masa Allah ya yi albarka.

"Babu kowa a tsakar gidan," ta ce. "Daga ni sai shi sai kaji."

Gwaggo Murja tana share ido da bakin mayafi. Ni ban taɓa jin wannan ba. Babana bai taɓa faɗa ba.

"Ranar da aka fita da shi," in ji Inna, "mata suna kuka, ni ina zaune ina ba su haƙuri. Haka aka koya mini. Shi ne jiya wani ya tambaye ni ko ni na haife shi."

Na sunkuyar da kai. Amma ni mutum ne da in na zo neman abu, sai na ga ƙarshensa. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Amma har yanzu babu sunan."

"Kai, Hambali!" in ji Gwaggo Murja.

"Ƙyale shi, Murja, kan ubansa ne da shi." Ta juyo inda take jin muryata. "Sunan nan tun ranar da aka raɗa shi yake bakina, bai taɓa fita ba. Ba zan zubar da shi a wayar Mukhtari ba. Kai da ba ka da kunya, faɗa."

Na matso kusa da wayar. Na yi gyaran murya na ce, "Abdulsamad. Abdulsamad ɗan Jaji."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Can daga cikin mayafin ta ce, "Shi ne. Shi na fara haifa."

Mukhtari ya daɗe bai kashe wayar ba. Da ya kashe, ya zauna yana jujjuya ta a hannu, fuskar nan babu annuri.

"Inna," ya ce, "shi babana fa? Kin taɓa laɓewa kin kalle shi?"

"Hashimu? Wanda kullum yana gindina yana cin ƙanzo? Me zan laɓe in kalla?"

Gwaggo Murja ta yi dariya cikin hawaye. Mukhtari ma ya yi, irin wadda na yi jiya, iya leɓe. Na san ta sarai. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Da muka fito tsakar gida na sa ya maido mini wurin na saurara, don in tabbata ya kama. Ya kama, har da tarin Gwaggo Murja. Na ce ranar taro wannan za a fara sakawa kafin labarin rediyo da kwano. Ya ce ai shi bi da bi zai jera, na jiya sannan na yau.

"Bi da bi ɗin nake nufi," na ce. "Wa aka fara haifa?"

Ya tura wayar a aljihu. Na ce ya sa mana kujeru a gaba, ni da 'ya'yana, kuma shinkafar taron ni zan kawo.