Fallayen Jan Ƙarfe

Memounatou tana koyar da fizik a wata lise, wato babbar sakandare, a Dapaong, tana kuma karatun digirin dokta a wata jami'a ta ƙetare. A hutun bara ta je can, inda suke da injin da ke harba ƙwayoyin furoton, waɗanda ido ba ya gani. Aikinta shi ne ta jera fallayen jan ƙarfe masu sirantar ɓawon albasa, a harbe su, sannan ta auna nawa ne daga cikin ƙwayoyin ƙarfen suka rikiɗe. Da irin wannan awon masu haɗa maganin da likitoci ke sa wa mutum don ganin cuta a cikin jiki suke sanin ƙarfin injinsu.

Sai dai awonta ya fito ƙasa da wanda kowa ya yarda da shi. Farfesan da ke duba aikinta ya kira ta a waya.

"Ki cire wannan awon, Memounatou. Wataƙila kuskure ne."

"In kuskure ne, ina so in san inda yake, Farfesa."

Ya ce akwai gurbi a injin a watan Mayu, in za ta iya zuwa. Watan Mayu kuwa shi ne lokacin da ɗalibanta ke shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, kuma direktan makaranta ya ce ko nan da ƙofa ba za ta je ba sai ta gama darussan shekara.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Sokodé, gidansu a unguwar Kpangalam. Ta tarar da mahaifinta, Alhaji Lado, ya dawo daga kasuwar shanu yana wanke ƙafa.

"Wai me kike aunawa ne da ya hana ki ƙiba?"

"Baba, in ka rufe ido ka jefa tsakuwa cikin garke, sau nawa za ta sami saniya? Ya danganta da girman shanun. To, girman da nake nema ke nan, amma na abin da ido ba ya gani."

"In kika yi kuskure fa?"

"Maras lafiya zai iya samun magani ƙasa da ƙima, ko fiye."

Alhaji ya ajiye buta. "To kada ki bar shi. Je ki gama wa yaran mutane karatunsu tukuna."

Haka ta yi. Ta ƙara aji ranar Laraba da yamma da safiyar Asabar, muryarta har ta dushe. Ɗaliban da ke zuwa daga wajen Nano ta riƙa ba su darasi a gindin darbejiya kafin su hau kekunansu. Ƙarshen Afirilu direkta ya sa hannu a takardar izinin tafiyarta.

A can, kafin a kunna inji, ta auna kaurin kowane falle da kanta, har da na bara. Nan ta gano cewa na bara ba su kai kaurin da masu sayarwa suka ce ba. Ta gyara lissafi, aka harbi sababbi. Awon ya ɗan hau, amma bai kai na kowa ba.

Farfesa ya daɗe yana duban kwamfuta. "Rabi kuskure ne, rabi kuma ban sani ba. Mu aika wa wani ɗakin bincike su gwada."

Ta dawo Dapaong ana saura kwanaki a fara bak, ta wuce aji da jakarta.