Tsawon Bugu Ɗaya

Ƙanen mijina, Malam Sadiƙ, shi ya ce zai ceci kiɗan mahaifina daga mutuwa, kuma da biro zai yi ceton. Ni Hussaina na yarda, don ba ni da wata dabara.

Mahaifina Bawa ya shekara arba'in yana kaɗa gangar noma a Bakura da ƙauyukanta. Ba a gayya a Dakko sai da shi. Bara hannunsa na hagu ya fara shanyewa, mu kuwa 'ya'yansa duk mata ne, ba wadda ta taɓa rataya ganga. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ranar da ya tafi, kiɗan huɗar da ya gada wurin kakana ya tafi ke nan.

Sadiƙ malamin makaranta ne a Talata Mafara. Kwas ɗin kiɗa ya yi na wata shida, ya dawo ko luguden mata ya ji sai ya tsaya ya ƙirga. Ya zo zauren Baba da takarda mai layi biyar-biyar, ni kuma na kawo musu fura na raɓe bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwa da jiki, har na ƙosa, sannan ya buɗe karatu.

"Baba, dubi nan. Wannan mai kama da ƙwai, bugu huɗu ne. In aka sa masa sanda ya koma biyu. In aka cike cikinsa da baƙi, ɗaya. In aka ɗaura wa sandar wutsiya, rabi. Ko ina a duniya haka ne."

"To, madalla," in ji Baba. "Huɗun mi?"

"Huɗun bugu mana, Baba."

Baba ya dube shi, ya sha furarsa.

Asabar uku suka yi. Baba na zaune kan buzu yana buga ƙwarya da hannun dama, Sadiƙ na zana ƙwai da wutsiyoyi. Sai ya ciro wayarsa, ya kunna wani abu mai ƙas-ƙas kamar agogo, ya daidaita shi da bugun Baba, ya ce casa'in ne a minti. Ya rubuta casa'in ɗin a saman takarda, har da ja masa layi biyu. Ya ari gangar ya tafi Mafara, ya yi wata biyu yana hana maƙwabta sakat.

Na ce masa, "Malam, in ka kunyata mu, tuwona ya haramta gare ka."

"Ke dai tanadi guɗa, matar yaya," in ji shi.

Ranar gayya a Dakko, ruwa ya kwana biyu yana zuba, gonar kuwa laka ce. Maza ashirin suka jeru da galma. Aka kawo Baba kan babur aka zaunar da shi gindin tsamiya, mu mata muna gefe da tukwanen abinci. Sadiƙ ya rataya ganga, ya manna takardar a jikinta, ya cusa abin sauraren waya a kunne don jin ƙas-ƙas ɗin. Ya buga.

Wallahi kiɗan Baba ne! Sai da hawaye suka zo mini.

Amma kash, gonar ba ta halarci kwas ba. Galma na shiga laka tana kamewa, kafin mutum ya fizgo ta ganga ta wuce gaba. Samari suka dage suna binta da gudu, dattawa suka rage baya, layi ya watse, kunya ta karkace kamar hanyar awaki. Wani ya fizgi galma da ƙarfi ya zauna daɓas cikin taɓo. Bappa, wanda ya fi kowa tsufa a layin, ya dafa ƙugu ya ce, "Malam, noma munka zo ko tsere?"

"Wallahi ban kuskure ko rabin bugu ba!" in ji Sadiƙ, yana nuna takarda. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Baba ya yafito shi da hannun da ke motsi. "Sadiƙu, wa kake duba?"

"Takarda, Baba."

"Ni ban taɓa duban ganga ba. Bayan Bappa nika duba, shi ne na ƙarshe. Daga sa galmarsa ƙasa har ya juye kunya ya ɗago, shi ne ƙwan nan naka. Ranar laka ƙwan ya yi tsawo. In mun je jigawar Maradun ya gajarce. Raba shi huɗu yadda ka iya, amma Bappa ke aza shi."

Sadiƙ ya ƙura wa takardarsa ido. Ƙwai bugu huɗu ne, mai sanda biyu, duk daidai. Ba inda zanen ya faɗi tsawon bugu ɗaya. Shi ya ƙara casa'in ɗin da hannunsa, ya auno shi daga tsoho mai ciwo da ke zaune a inuwar zaure. Ya cire abin kunnen ya jefa aljihu, ya koma bakin gona ya kafe bayan Bappa da ido. Kafin kunya ta uku, galma ashirin na faɗuwa tare. Na saki guɗa har muryata ta dushe, Baba na ta gyaɗa kai.

Da aka tashi cin tuwo, Sadiƙ ya soke casa'in ɗin ya rubuta: "Gwargwadon galmar Bappa." Ya miƙa mini takardar da alfahari, ya ce yanzu kam kiɗan ya tsira har abada.

Bappa ya rasu bayan kaka. Baba ya bi shi kafin azumi. Bana kuma da tarakta aka yi huɗar Dakko, yini ɗaya an gama.

Takardar na cikin akwatina, ko ɗigo bai ɓace ba. Sadiƙ ya koya mini karanta ta, kuma na iya. Wani lokaci in na gama aiki nakan ɗauko ta in riƙa bugawa a cinyata, baƙaƙe da masu wutsiya duk suna tafiya lafiya. In na zo kan ƙwan sai hannuna ya tsaya, ina jiran Bappa ya ɗago.