Ɓangaren Hagu

Laifin duk an ɗora wa tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sautin kiɗa, ita kuwa baiwar Allah ba ta da bakin kare kanta. Baba ya ce ɓangarenta na hagu ya mutu, sifikar hagu ta koma kamar mai magana ta cikin matashi. Ya kai ta wurin mai gyara, abokinsa tun suna samari. Mai gyara ya buɗe ta, ya auna nan ya auna can, ya ce lafiyarta ƙalau. Baba ya ce masa tsufa ya cinye masa basira, daga ranar ko gaisuwa ta daina haɗa su. Da haushi ya ƙara cin Baba, sai ya miƙa amfilifayar ga mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tana tsaye a bakin ƙofa aka fita da ita, kuma ta san abin da ya mutu ba a cikin akwatin nan yake ba. Ita ta raka Baba asibiti lokacin da jiri ya dame shi. Likita ya gwada kunnuwansa, ya gaya mata na hagu ya yi nisa, ba kuma zai dawo ba. Ta roƙe shi ya bar mata maganar, ita za ta faɗa masa a gida cikin dabara. Dabarar ce har yau ba ta zo ba. Ta ina za ta fara? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, wanda abokan aiki ke kira Mai Kunne don yana jin ƙugin waya tun kafin na'ura ta nuna? Kullum sai ta ce gobe, abin yana ta cin ta a rai.

Shi ya sa da ya ce zai sayi sabuwa, ta ajiye aikinta ta ɗauko mota da kanta.

A bayan shagon kayan sauti akwai ɗakin sauraro: labule masu kauri, darduma, manyan sifiku biyu, da kujera guda a tsakiya. A kan wata kanta an jera amfilifayoyi masu kwalaben gilashi a tsaitsaye. Mai shago ya fara bayani, wai waɗannan haɗaɗɗu ne, komai a akwati ɗaya, ba sai an nemo wani abu an jona ba, amma a bar kwalaben su ɗumama, kada kuma a kunna ba sifika a jiki.

"Yaro, ina shafa kwalaben nan tun ba a haife ka ba," in ji Baba. "Sa mini wannan."

Faifan da ya miƙa masa aikin hannunsa ne. Shi ya zaunar da mai sarewa a hagu, mai ganga a dama, ran da aka ɗauka. Ya zauna, ya jira kwalaben suka yi ja kamar garwashi, ya rufe ido kamar yadda ya saba.

Sarewa ta fito tas, Auta ta ji ta har tsakar ka. Baba ya girgiza kai.

"Hagu ba ƙarfi. Kawo wata."

Aka kawo ta biyu, mai nauyin da sai da mai shago ya yi nishi. Ita ma ba ta kai labari ba.

"Wai duk kayan naku guragu ne? Ko kun ga tsoho kun ce ga kasuwa ta faɗi?"

"Wallahi Baba lafiyarsu lau. Bari in musanya wayoyin, hagu ta koma dama, sai mu gani ko..."

"Kada ka koya mini aikina."

Mai shago ya dubi Auta, ita kuwa ta tsura wa darduma ido kamar an ce ta ƙirga zarenta. Ga wani bawan Allah kuma zai sha zagi a kan shirunta.

Ta ukun ƙarama ce, ba ta da kwarjinin sauran, amma tana da abin da ba su da shi: ban da maɓallin ƙara murya, akwai wani da ake murɗawa a raba sauti tsakanin hagu da dama. Baba na rufe ido, Auta ta lallaɓa ta murɗa shi hagu, ta ƙara murɗawa. Mai shago ya buɗe baki, ta haɗa hannuwa tana roƙonsa ba tare da ta ce uffan ba. Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya ja da baya ya ƙyale ta.

A kunnenta kiɗan ya karkace, sarewa na neman tsaga ɗakin, ganga ta koma can nesa. Fuskar Baba kuwa ta washe.

"Yauwa! Ga ta nan. Auta, kin ji inda yake jan numfashi? Rabona da jin wannan..." Ya buɗe ido ya nuna mai shago da yatsa. "Kai ma da wayo. Ka ɓoye mai kyau sai ƙarshe."

"Sai haƙuri, Baba," in ji mai shago. Da yake naɗe ta a kwali ya rage murya ya ce, "Malama, na bar maɓallin yadda kika sa. Amma wannan ba magani ba ne."

Ta sani. A hanya Baba sai hira yake, yana yi wa mai gyara dariya, wai da kunne irin nasa gara ya koma gyaran fanka. Ita ma ta yi dariyar, ta ji kunyar kanta.

Suna isa gida ya share teburin da tsohuwar ta bari, ya jona wayoyi, bai yarda ta taɓa komai ba. Sai a lokacin ta tuna abin da ta taso tana gani: Baba ba ya kunna na'ura sai ya mai da murya ƙasa, ya bi kowane maɓalli da babban yatsa ya tabbatar yana tsakiya. A shago wani ne ya kunna masa. A nan kuwa gidansa ne.

Yatsan ya kai kan maɓallin raba sauti ya tsaya. Ya sunkuya ya dube shi da kyau, sannan ya mai da shi tsakiya ya kunna. Suka jira kwalaben suka yi ja. Kiɗa ya tashi, ya saurara ido rufe. Can ya miƙe, ya juya kujerarsa ya ba sifikun baya, yadda ta hagu za ta fuskanci kunnensa na dama. Ya daɗe a haka yana kallon bango.

Da ya juyo, da hannunsa ya murɗa maɓallin zuwa hagu, ya tsaya daidai inda ta sa shi ɗazu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar asibiti, Baba."

"Kina nan na ba da waccan."

"Ina nan."

"Kina nan na ci mutuncin abokina mai gyara a gaban shagonsa."

Ta gyaɗa kai tana hawaye. Ta so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ko ta samu sauƙi. Bai yi ba. Ya rage muryar kiɗan, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya miƙa mata.

"Nemo mini lambar mai gyara."

Ta nemo, ta danna, ta miƙa masa. Ya kai wayar kunnen hagu kamar yadda ya saba yi duk rayuwarsa. Tana jin ƙarar shigar kiran daga inda take tsaye, shi kuwa yana ta jira. Sai ya sauke wayar ya dube ta, ya mai da ita kunnen dama.