Hazo a Gilashin Malam Jaji

Mudassir ya riga ya kwance zoben gaba na gilashin kyamarar, yana lallaɓa na ciki da bakin ɗan sukundireba, sai Malam Jaji ya sake ce masa ya bi a hankali. Tun da dattijon ya zauna a bencin shagon yake nanata wannan magana. Mudassir dai murmushi yake yi, domin a hannun mutumin nan ya koyi riƙe sukundireban, a zamanin da babu biki ko suna daga Kusada har Ƙofa da za a watse ba a jira Jaji mai hoto ba.

Yanzu Mudassir gyaran waya yake yi a bakin tashar Kankia. Shi kuwa maigidan nasa bai taɓa yarda ya rabu da kyamarar fim ba. Direbobin Kano ke sayo masa fim, su kuma ke kai masa wankin hoto, kuma har gobe akwai tsofaffin gidajen da suka fi son hoton da za a riƙe a hannu. Na baya-bayan nan da ya ɗauka, wajen wani suna a Ƙofa, su suka kawo shi. Duk sun fito dishi-dishi, fuskar uwar jego kamar an shafe ta da hannun riga. Ya ce daminar bana ce ta shiga gilashin, in ya leƙa hazo kawai yake gani. Ga shi ranar Asabar autarsa Amatullah za ta yi saukar Alƙur'ani. Duk yayyenta da wannan kyamara ya ɗauke su ranar tasu saukar, ba zai bari ita kaɗai a ɗauke ta da waya ba.

Da Mudassir ya ɗaga gilashin tsakiya ya duba shi a hasken ƙofa, sai ya ga lallai akwai funfuna, siririya kamar saƙar gizo, amma a can gefe take, inda ba ta isa ta ɓata hoto ba. Duk da haka ya jiƙa auduga da sifirit ya goge ta tas. Ya wanke busasshen man da ya sa zoben saiti yin tauri, ya shafa sabo, ya mayar da kowane gilashi yadda ya same shi. Ya ɗaura a jikin kyamarar ya leƙa. Mai tsiren da ke tsallaken titi ya fito garau, har zaren da ya zazzago daga hularsa ana gani.

Ya miƙa wa maigidan. Malam Jaji ya miƙe, ya gyara tsayuwa irin tasa ta da, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ya juya zoben dama, ya juya hagu, ya daɗe yana juyawa. Sannan ya sauke.

"Hazon yana nan," ya ce. "Halan ka bar wani ba ka buɗe ba."

Mudassir bai yi musu ba. Ya karɓa, ya sake kwance gilashin baya, wanda ya san babu komai a jikinsa. Yana gogewa yana satar kallon dattijon, wanda ya juya fuskarsa wajen haske. A nan ya ga abin da ya kamata ya gani tun da safe. Ƙwayar idon dama ta yi fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa, ta hagu ma ta fara. Ya tuna yadda ɗazu Malam Jaji ya lalubi bakin benci kafin ya zauna, da yadda bai gane shi ba sai da ya yi magana.

Wannan mutum ne da ke hango ƙuda a kafaɗar ango daga bayan taro, ya ce a kore shi kafin ya danna. Ya yi tunanin ya ce gilashin ya mutu, a bar masa shi ya nemo wani a Kano, har Asabar ta wuce. Da hakan ya fi sauƙi a bakinsa. Amma bai taɓa yi wa maigidan nan ƙarya a kan aiki ba, kuma ya san gobe ma da idon zai fita titi.

Ya ɗaura gilashin, ya jawo kujerarsa kusa da benci, ya rage murya saboda masu jiran cajin waya a waje.

"Maigida, gilashin nan lafiyarsa lau. Na leƙa, komi garau."

Malam Jaji ya juyo da fuskarsa wajensa.

"Yanar ido ce ta kama ka. Daga nan ina ganin ta."

Dattijon ya ɗora kyamarar a cinya ya rufe ta da tafukansa biyu. Ya ce Inno, matarsa, tun kafin azumi take faɗa masa haka, shi kuma yana ce mata ba ta san kan kyamara ba. A hanyarsa ta zuwa yau, addu'a yake yi Allah ya sa a buɗe a samu funfuna ta cinye gilashin gaba ɗaya. Sai ya kawo zancen wansa Mamuda, wanda irin wannan yanar ta rufe wa ido shekarun baya. Wani mai magani da ke bin kasuwanni ya soke masa idon da allura. Ya gani na ɗan lokaci, daga nan ciwo ya tashi, har ya rasu bai ƙara ganin komai ba. Malam Jaji ne ya riƙe masa kai ranar da aka yi.

"Gara in riƙa ganin hazon," ya ce. "Hazo ma gani ne."

Sai Mudassir ya ba shi labarin gwaggonsa Zuliha ta Kunduru, wadda aka yi wa aikin ido a asibiti bara, yanzu da kanta take zura zare a allura, har tana tsegumin cewa ashe jikokinta ba su da kyau kamar yadda ake faɗa mata. Dattijon ya yi 'yar dariya ta hanci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya tambaya shi ne Asabar fa.

Mudassir ya ɗauko siririn magagari. Ya nuna masa da yatsa cewa lambobin da ke jikin zoben nisa suke nunawa, abin da shi maigidan ya koya masa da kansa. Ya yi ɗan tsagi a inda ya dace da mutum ɗaya a tsaye kusa, ya yi wani a inda ya dace da taron jama'a. Ya tsuke ƙofar haske yadda ko an ɗan kuskure nisa hoto zai fito, tunda a tsakar gida za a yi, da rana. Ya kama babban yatsan dattijon ya ɗora a kan tsagin farko. Malam Jaji ya shafa, ya juya zoben ya dawo, ya same shi ba tare da ya duba ba. Ya sake gwadawa, ya sake samu. Sai ya ɗaga kyamarar ya nufi Mudassir, ya danna, duk da babu fim a ciki.

Ya rataya ta a wuya, ya tambaya ko masu duba ido na asibiti suna zama yau. Mudassir ya ce har azahar suna nan. Dattijon ya ce dubawa kawai, ba wanda zai taɓa shi kafin a yi saukar. Mudassir ya ce ya ji, ya miƙa wa maƙwabcinsa wayoyin mutane, ya ja ƙofar shago.

A bakin kwalta suka tsaya, manyan motoci na wucewa. Malam Jaji ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗan jima. Sannan ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗar Mudassir.

"In ka ga hanya, mu je," ya ce.