Ɗaki a Bakin Tasha

Ilu direba ne ya kawo saƙon, ranar kasuwar Dutsin-Ma, yana tsaye yana goge baƙin mai a hannunsa. Ya ce da Malam Hudu, manomin wake na Wurma, an yi wa surukinsa Sabitu canjin wurin aiki. Sabitu leburan reluwe ne a Gusau, shi ke auren Ma'u, ɗiyar Hudu tilo da ta rayu. Yanzu za a kai su Fatakwal, can bakin teku, inda mutumin Wurma ko a mafarki bai taɓa zuwa ba. Jirginsu zai bi ta Funtuwa ranar Alhamis da safe, zai ɗan tsaya ya sha ruwa ya wuce. Ma'u ta ce don Allah don Annabi a kawo mata innarta bakin tasha, su ga juna, ta nuna mata jaririn da ta haifa da rani.

To, innar nan, Rekiya, ƙafafunta sun daɗe da ƙin ɗaukarta. Sun kumbura tun bara, an yi tsaga, an yi turare, an sha rubutu, ba abin da ya sauya. Daga ɗaki zuwa tsakar gida da rarrafe take fita. Kowa a gidan ya san inda ciwon ya dosa, ita ma ta sani. Mace ce da ba ta roƙon komai, ko zane ba ta taɓa cewa a saya mata ba. Amma da Hudu ya gaya mata saƙon, sai ta ce, "Malam, ka kai ni. Ba na jin zan ga wata kaka."

Ya aza ta a jaki zuwa Kurfi, daga nan Dutsin-Ma, suka kwana gidan ƙanenta. Ran Laraba Ilu ya ba ta gaban mota, shi kuwa Hudu ya haye can saman buhunan wake yana riƙe da hularsa. Duk tsawon hanya abu ɗaya yake juyawa a ransa: ina za su sauka? Kowane ɗan ƙasar Kurfi, in ya je Funtuwa, gidan Alhaji Tukur yake sauka. Haka aka taso aka tarar. Alhaji mutumin Kurfi ne, babban ɗan kasuwar hatsi, shi ke sayen waken Hudu kowace shekara, kuma zaurensa ba ya rufuwa ga ɗan gida. Sai dai gidan yana can ƙarshen gari, bayan kasuwa, ga hawa ga gangara. Mai lafiya ma sai ya yi gumi kafin ya kai tasha. Kafin su iso, Hudu ya yanke shawara: wannan karon kusa da jirgi zai nemi wuri, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Da la'asar Ilu ya sauke su a bakin tasha. Hudu ya shimfiɗa wa Rekiya tabarma a gindin wata bishiya, ya shiga neman masauki. Na farko gidan bene ne mai matakalar katako, ɗakunan duk a sama. Ya dubi matakalar, ya ji kuɗin da aka faɗa, ya yi godiya ya fito da sauri. Na biyu rumfar fatake ce, arha kamar banza, amma maza ne kwance jere da juna, ba inda mace za ta juya. Na uku wani ɗan otal ne na wata Banufiya mai suna Huseina, mace mai jiki, mai fara'a, hannunta duk manja. A gaba ana sayar da shinkafa, garmaho na ta kiɗa, kuma maganar gaskiya akwai masu shan abin da bai kamata ba a wani lungu. Amma ta baya akwai ɗaki a ƙasa, ko dakali babu a ƙofarsa, ga randa, ga makewayi kusa. In ka buɗe ƙofar, layin dogo ne a gabanka. Mai rarrafe ma zai kai bakin jirgi kafin fasinja su gama sauka. Kuɗin kuwa bai fi ƙarfin manomi ba.

Huseina ta fito da kanta ta durƙusa ta gai da Rekiya. "Sannu, Inna. Ki kwana nan. Jirgi na yin kuka, ni zan kama ki mu fita."

Rekiya ta leƙa ɗakin, ta dubi dogo, fuskarta ta saki. Ta ce, "Malam, nan ya yi."

Hudu ya sa hannu a aljihu ke nan, sai ya ji an ce, "A'a! Wa nake gani kamar Malam Hudu na Wurma?"

Jibo ne, dillalin Alhaji Tukur, ya zo duba buhunan da za a loda. Mutum ne mai baki, labari ba ya kwana a cikinsa. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, sannan ya dubi Hudu, ya dubi otal, ya riƙe haɓa.

"Malam, ba dai nan za ka sauke iyali ba? Subhanallahi! Gidan garmaho? Da Alhaji a garin ga da ransa? Mi ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Jibo. Ƙafarta ce. Jirgin safe muke jira."

"Wane jirgi? Na Gusau?" Jibo ya yi dariya har da dukan cinya. "Wanda in an ce safe sai ka gan shi bayan azahar? Haba Malam! Ga amalanke a gida, da sassafe a turo ta har bakin tarago. Kai dai ka tuna, in aka ji a Kurfi cewa ka zo Funtuwa ka tsallake zauren Alhaji ka kai matarka otal, da wane ido za ka dubi mutane? Shi kansa Alhaji ai sai ya ce ka raina shi."

Hudu ya tsaya, hannunsa a aljihu. Ya hango kasuwar Kurfi, ya hango dattawan bakin masallaci suna yin shiru in ya iso. Duk shawarar da ya ƙulla a kan buhunan wake ta warware nan take. Kai, kunya! Mutum mai furfura, ya ga abin da ya dace da idonsa, amma maganar dillali guda ta juya shi.

Rekiya ta ce a hankali, "Malam, ƙafafun nan fa."

"An ce akwai amalanke," in ji shi, bai dube ta ba.

Huseina ta taimaka aka aza ta a kan jakin wani mai itace, ta ce, "Allah ya kai mu goben, Inna." Suka kama hanyar cikin gari, Rekiya tana waiwayen tasha har kwana ta ɓoye ta.

Kada a yi wa Alhaji Tukur ƙarya, ya karɓe su hannu biyu. Ya yi wa Hudu faɗan wasa don bai aiko tun da wuri ba. Aka yanka zakara. Matan gidan suka shigar da Rekiya ciki, suka gasa mata ƙafafu da ruwan zafi. Hudu ya ci tuwo a zaure tare da sauran baƙi, aka yi ta labarin gida, har ya fara jin ai gara da ya zo. Ya tuna wa Alhaji zancen amalanke, Alhaji ya ce, "Wannan ai ba abin damuwa ba ne, Malam."

Da aka idar da sallar asuba Hudu ya naɗe tabarmarsa, ya fita neman amalanke. Babu shi. Wai an tura shi kasuwa da buhunan dawa tun da duhu, yanzun nan zai dawo. Jakin gidan ma an tafi da shi gona. Hudu ya koma zaure don ya yi wa Alhaji magana, ya tarar ya zauna wuridi, ya lulluɓe kai da mayafi. Duk Funtuwa an san ba a katse Alhaji sai rana ta fito. Baƙo kuma ba ya sulalewa daga gidan mutum bai yi sallama da maigida ba, sai ka ce ɓarawo. Hudu ya zauna. Ya tashi ya leƙa waje. Ya dawo ya zauna. Jibo yana gefe yana goga asawaki, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Wallahi ko Tsafe jirgin nan bai baro ba."

Rana ta fito, Alhaji ya shafa addu'a. Hudu ya buɗe baki, sai ga koko da ƙosai an shigo da su. "Bismillah, Malam, baƙona ba ya fita da yunwa." Ya karɓi ƙwarya da ludayi don dole. Alhaji kuma ya ɗauko zancen farashin wake, da yadda zai kasance bana. Hudu yana cewa haka ne, haka ne, kunnensa na waje.

Sai ga shi. Kukan jirgi, dogo, daga yamma.

Jibo ya cire asawaki daga baki ya ce, "Ikon Allah! Yau kuma?"

Hudu bai san lokacin da ya kifar da ƙwaryar koko ba. Shi da bai taɓa wuce zauren wani ba tun da ya balaga, ya kutsa cikin gidan Alhaji ko sallama babu, mata suna ta watsewa suna jan mayafi. Ya tarar da Rekiya ta riga ta rarrafo har tsakiyar gida, ta ɗaura kallabinta na salla, tana jan ƙullin daddawa da kuka da ta kawo wa ɗiyarta. Ya durƙusa ya ce, "Hau." Ta hau bayansa.

Haka dattijon nan ya ratsa kasuwar Funtuwa da matarsa a goye, da hantsi, kowa na gani. Wasu na dariya, wasu na salati, wasu na tambaya ko asibiti za a. Bai ji ko ɗaya ba. Kunyar da ta hana shi jiya, yau ko ƙurarta babu. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya bar shi nan. A hawan bayan kasuwa numfashinsa ya ƙare, ya dafa bango ya ƙara yunƙurawa. Yana jin bugun zuciyar Rekiya a gadon bayansa.

Suna gangarowa jirgi ya yi kuka na biyu. Da suka fito fili, taragon ƙarshe ne kawai suka gani yana shigewa bayan itatuwa ta hanyar Zariya, hayaƙi na bin sa. Hudu ya ci gaba da gudu duk da haka, har bakin dogo, sannan ya tsaya. Masu tallan rake da gyaɗa suna ta tattara kayansu.

Ya sauke ta a inuwa mafi kusa, wadda kuwa ita ce ta bangon otal ɗin Huseina. Huseina tana tsaye a ƙofar baya. Da ta gan su sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo Inna! Ashe ku ne. Wata yarinya ta sauko da goyo, ta bi bakin jirgi tun daga kai har wutsiya tana dube-dube. Daga nan ta rugo nan wurina. Ta ce ko akwai mutanen Kurfi. Na ce sun zo jiya sun tafi cikin gari. Ta ce a'a, ba su ba ne, in sake dubawa." Huseina ta dubi Hudu, ta sunkuyar da kai, amma ta ƙarasa. "Ta ce babanta mutum ne mai hankali, ya san ƙafar innarta, ba zai sauke ta nesa ba. Sai da ta buɗe ɗakin nan da hannunta ta gani. Mijin ne ya zo ya ja ta, jirgi har ya fara motsi."

Hudu ya zame ya zauna a ƙasa. Da duka aka yi masa da ya fi sauƙi. Ya so ya ce wani abu, ya nemi gafara, ya zagi Jibo, ya zagi kansa. Hawaye kawai ke bin gemunsa.

Rekiya ba ta yi kuka ba. Ta kamo gefen zanen Huseina ta jawo ta ƙasa kusa da ita.

"Zauna, ɗiyata. Ke kin gan ta. Ta rame?"

"Ba ta rame ba, Inna. Jikinta da kyau."

"Yaron fa? Da wa ya yi kama?"

Huseina ta so ta yi ƙarya, ta kasa. "Ban ga fuskarsa ba, Inna. A goye yake, ta rufe shi da mayafi."

Rekiya ta gyaɗa kai. Ta juya ta dubi dogo.

"Ta ɗaure shi da kyau dai? Da majanyi?"

"Da kyau, Inna. Tam."

"To, alhamdu lillahi. Ta iya." Ta tura wa Huseina ƙullin daddawa da kukar. "Riƙe, ki yi miya."

Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Malam, tashi ka nemo Ilu. Ka mai da ni gida."