Koren Ɗigon Mujahid

Duk wanda ya ce mini wasan kwamfuta aikin yara ne, ba na yi masa musu, kallonsa kawai nake yi. Ni Mu'az, magidanci mai 'ya'ya uku, ma'aikaci a sakatariyar Dutse, na shafe fiye da shekara in na tashi daga ofis ba na zarcewa gida Yalwawa. Sai na biya ta kafen intanet na Mailafiya, na zauna cikin samari masu warin zufa, na zuba wa wani koren ɗigo ido a fuskar kwamfuta. Ɗigon nan bai kai ƙwayar gero ba, amma shi ne abin da ya rage mini na ƙanena Mujahid.

Mujahid ne ya fara kawo wasan nan garin. A shekarun ne shari'a ta kankama, gidajen kallo suka yi sanyi, samari suka koma kafe. Wasan taurari muke ce masa. Ana ba ka duniya guda a sararin samaniya, ka gina rumbuna, ka ƙera jirage, ka tura su su haƙo ma'adinai a duwatsun da ke yawo, su dawo maka da su. Kowa a kafen yaƙi yake yi da jiragensa, Mujahid kuwa kiwo yake yi. Ya sa wa jiragensa sunayen shanun mahaifinmu, Baffa Bubayero: Saige ce babbar da ke gaba, sai Wule, sai Nyale da sauransu. Samari suna yi masa dariya, wai Bafillace ko an kai shi sama sai ya nemi makiyaya.

Ni ban taɓa yin dariyar ba, don na san shanun. Muna yara a rugarmu ta Buji, wata rana da magariba suka shigo a jere, Saige a gaba, babu Baffa a bayansu. Inna tana tsaye da ƙwaryar tatsa. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta zauna kusa da ita. Daga baya aka same shi a gindin wata tsamiya, maciji ya sare shi. Bayan rasuwarsa garken ya watse, mu kuma aka sa mu makaranta.

Mujahid ya yi karatun, aiki ya ƙi samuwa. Ya yi aure da Nuriyya 'yar Malam Maharazu na Limawa, suka sami ɗiya Mu'minatu, sai ya ce zai bi ta Agadas ya shiga Libiya, in Allah ya yi ya tsallaka ruwa. Na hana, na yi faɗa, na yi lallashi, ya tafi. Ya kira ni sau ɗaya daga Sabha, muryarsa garau, yana tsokanata wai na fara tumbi. Daga nan shiru. Lambar ta daina shiga, saƙon imel kuwa in na sa aka tura masa sai ya dawo.

Sani, wani ɗalibi da ke kwana yana tashi da wasan, shi ya kira ni wata rana ya nuna mini taswirar taurarin.

"Yaya Mu'az, ka ga wannan? Duniyar Mujahid ce. In mutum ya bar wasan, ɗigonsa toka-toka yake komawa. In kore ne, to yau an motsa wani abu a ciki."

"Yau?"

"Yau ɗin nan. Jiya ma kore ne."

Mailafiya ya turo mini kujera na zauna. A ranar na buɗe tawa duniyar, ni da ban iya riƙe linzamin kwamfuta ba. Sai ga matsala: wasan yanki-yanki ne, kamar gundumomi. Mujahid ya shiga da wuri, yana tsohon yanki, mu duka muna sabo. Ba ka iya aika saƙo zuwa wani yankin, ba ka iya leƙawa, jirginka ba ya zuwa. Ɗigo kawai za ka gani daga nesa.

Amma waɗanda suka ƙirƙiri wasan, wasu Turawa da ba mu san fuskarsu ba, sun yi alkawarin babban gyara. Wannan gyaran shi ne hirar kafen kullum. Sani yana so a kawo jirgin yaƙi mai cin duniya guda a harbi ɗaya. Jaji mai gyaran babur yana so a rage nauyin hotuna, don kafin shafi ya buɗe masa lokacinsa ya ƙare. Wani ya rantse ya karanta a dandalinsu cewa za a sa kasuwa, wani ya ce ƙarya ne, ƙawance za a sa. Har da mai fatan a fassara wasan da Hausa, aka yi masa ihu. Suna wannan gardama kamar masu rabon gado, ni kuwa layi ɗaya na haddace a cikin sanarwar: za a buɗe ƙofa tsakanin yankuna, kowa zai iya leƙa duniyar kowa ya yi masa magana.

Aka ce gyaran zai zo kafin damina. Damina ta zo, aka ce sai an gama gwaji. Aka yanke gero, aka ce a yi haƙuri, sun gano wata matsala. Na tsani mutanen nan tsana mai tsanani, ban taɓa tsanar wanda ban gani ba haka. Na sa Sani ya rubuta musu da Turancinsa mai kyau cewa rai ne a ciki, ba wasa ba. Amsar da ta zo godiya ce da na zama ɗan wasa mai kishi.

Kowane ƙarshen mako nakan je Buji. Inna ba ta san kwamfuta ba, don haka na ce mata kamar hayaƙi ne, in ka hango shi yana tashi daga ruga ka san da mutum a ciki. Na kuma gaya mata yana da garke a can mai sunayen shanun Baffa, muna jiran a buɗe ƙofa mu gan shi. Ta gamsu da wannan. Da na sauka daga babur, kafin gaisuwa ta yi nisa, sai ta ce, "Hayaƙin fa?" In ce yana tashi, Inna. Sai ta ce alhamdu lillahi, ta dama mini fura.

Malam Maharazu bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Nuriyya ta koma gabansa da ɗiyarta, ba bazawara ba, ba matar aure ba. Ya kira ni zaurensa, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya yi magana a hankali.

"Mu'az, ɗana ne Mujahid, ba na ƙinsa. Amma mutumin da ke da halin shiga kafe ya yi wasa kullum, me zai hana shi kiran matarsa?"

"Baba, kunya ce. Na san shi. In bai samu abin da ya je nema ba, ba zai iya buɗe baki ba."

"Kunya har ta hana shi tambayar 'yarsa?"

Wannan tambayar ita nake yi wa kaina a kan babur, a masallaci, a tsakiyar cin tuwo.

"Bayan babbar Sallah zan kai maganar gaban alƙali," in ji shi. "Shari'a ta yi tanadi ga matar da mijinta ya ɓace. In kana da shaida ka kawo. Amma ba zan tsaya gaban alƙali in ce masa ɗigo ba."

Na durƙusa na roƙe shi ya jira gyaran. Ni da furfura ta fara fito mini, ina roƙon dattijo ya jira wasu Turawa su gama gyara wasansu. Ya dube ni da tausayi, tausayin nan ya fi zagi ciwo. Ya ce har Sallah dai.

Daga nan na zama abin da ban so. Ina fita daga ofis tun kafin azahar in je in duba ko an saki gyaran. In an ɗauke wuta ni ke tsayawa a kan Mailafiya sai ya tayar da inji. Na taɓa finciko wani yaro daga kujera don ya zauna a kwamfutar da ta fi sauri. Matata Rabi'atu ta ce in je a yi mini addu'a, na ce ta ƙyale ni. Ɗigon nan kuwa bai taɓa fashi ba, kore jiya, kore yau, ko ranar Juma'a.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, raguna sun cika bakin titi, Sani ya zo har ofis a guje. An saki gyaran. Ban tsaya neman izini ba. Na biya Limawa na roƙi Malam ya bar Nuriyya ta zo ta gani da idonta, ya yarda, ya haɗa ta da ƙanwarta. Mailafiya, Allah ya saka masa, ya kori samarin da ke layin gaba ya shimfiɗa mata ɗankwali a kujera. Kafen kamar gidan biki. Sani ya samu jirgin yaƙinsa yana ta tsalle, Jaji yana zage-zage don hotunan sun ƙara nauyi.

Sani ya karɓi linzamin ya danna koren ɗigon. Shafin ya fara buɗewa daga sama, a hankali, a hankali, har na ji kamar in sa hannu in ja shi ƙasa. Sai ga duniyar Mujahid. Sai ga jirage a jere suna tahowa daga wajen duwatsu, kowanne da sunansa a ƙarƙashinsa. Saige a gaba.

"Ga su nan!" in ji Nuriyya, ta dafe ƙirji. "Yaya, ga su suna tafiya! Yana nan, wallahi yana nan!"

Samari suka ɗauki kabbara. Wani ya rungume ni ta baya. Ni ma na fara dariya hawaye na zuba, sai idona ya kai ƙarshen jerin. Nyale ce a baya can, ta yi nisa da sauran, gefenta a fashe, baƙin hayaƙi yana binta. Na dubi rumbunan. Duk sun cika sun yi ja, jiragen suna zuba kaya yana zubewa a banza.

Nan take na daina dariyar. Mujahid ba ya fita da saniya mai ɗingishi. Tun yana ƙarami, in ƙaya ta soki ɗan maraƙi sai ya zauna ya cire ta, ko da garken zai bar shi. Gyaran Nyale dannawa ɗaya ne. Kwashe rumbun nan ma dannawa ɗaya ne. Babu makiyayin da zai shigo garke kullum ya tarar da hantsa ta cika tana zuba, ya juya ya fita.

Na sunkuya kusa da kunnen Sani. "Akwai yadda jirage za su riƙa fita suna dawowa ba tare da an tura su ba?"

Ya ce, "A tsohon yanki akwai. In ka sa musu umarni su je su dawo, ba sa tsayawa sai ka tsayar da su." Ya sake duban allon, ya dubi Nyale, ya saki linzamin.

Ga akwatin saƙo nan a buɗe, abin da na yi shekara ina jira. Nuriyya ta ce in rubuta masa cewa Mu'minatu ta fara tafiya, har tana cewa Abba. Na rubuta yadda ta faɗa, na tura. Na ce mata amsa takan ɗauki lokaci. Na raka su har ƙofar gida, Malam yana zaune a zaure da carbinsa. Ya dubi fuskar 'yarsa tana haske, ya dubi tawa. Bai tambaye ni komai a gabanta ba, ni ma na ce zan dawo gobe mu yi magana.

Ban koma ofis ba, na kama hanyar Buji. Na iso da la'asar sakaliya. Inna tana tsakar gida da ƙwarya a hannu, za ta tatsi 'yan awakinta. Ta yi mamakin ganina ba ƙarshen mako ba.

"Lafiya, Mu'az? Hayaƙin fa?"

"An buɗe ƙofar, Inna. Na ga garken nasa."

"To? Ka gan shi?"

A hanya na shirya maganganu masu yawa, cewa ba tabbas, cewa Allah ne masani, cewa a ci gaba da addu'a. Duk suka gudu.

"Suna nan duka," na ce. "Saige a gaba. Suna fita, suna dawowa da kansu."

Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta zauna kusa da ita.